Awarwaron da Ba a Cirewa

Daga farkon shekarar 2008 asibitocin gwamnati a Ingila suka ɗora wa ma'aikatansu wata ƙa'ida: duk mai taɓa majiyyaci, kada a ga komai a hannunsa tun daga gwiwar hannu har zuwa yatsu. Ba agogo, ba awarwaro, ba riga mai dogon hannu. Zoben aure kaɗai aka ɗaga wa ƙafa, shi ma sai wanda ba shi da dutse. Hujjar ita ce wankin hannu, domin ƙwayoyin cuta kan laɓe a ƙarƙashin madaurin agogo, inda sabulu ba ya kaiwa. Mu da muke aikin jinya a can muka bi, agogo ya koma ƙirjin riga, awarwaro ya koma jaka. Amma ado ba ya rasa ƙofa. Ina ji ina gani hannuwan da aka raba da ƙarfe suka fara zuwa aiki da tawada. Wannan tauraro, waccan sunan ɗanta, wata kuma baƙin layi siriri da ya zagaye wuyan hannu ya koma inda ya faro.

Cikin masu na zagayen akwai wata abokiyar aikina, Baturiya 'yar arewacin Ingila, wadda muka daɗe muna aikin dare tare. Mahaifiyarta ta rasu ta bar mata munduwar azurfa mai zanen ganyen zaitun. Awa goma sha biyu takan yi a ɗakin majiyyata, munduwa na kulle a akwatin ajiyar kaya, abin ya tsaya mata a rai. Sai ta ƙudurta a zana mata ganyen a fata, daidai inda munduwar ke zama, yadda ba mai ce mata ta cire. Ni Musulma ce, ta san hukuncin tatu a addinina, ba ta taɓa kwaɗaita mini ba, ni ma ban tsaya mata a hanya ba. Labarin kawai take kawo mini lokacin shan shayi, kuma abin da ya riƙe hankalina shi ne tsawon shirin. Watanni ta kwashe tana shirya aikin da ba zai cinye yini guda ba.

Da neman mai zanen ta fara. Ta bi shafukansu a Instagram, amma hoton sabon aiki bai dame ta ba, don sabon zane na kowa kyakkyawa ne. Hoton wanda ya shekara uku ko biyar a jikin mutum take tambaya, a nan ake gane gwani. Da ta sami wanda ya kwanta mata sai ta tarar da layi. Ta ba da kafin alƙalami, aka sa mata ranar zuwa a tattauna, ranar zanen kuwa tukuna. Bayanin da mutumin ya yi mata, wanda ta dawo ta maimaita mini, ya sa na sake duban gaɓar da nake kamawa kullum don jin bugun jini.

Kaurin wuyan hannu ba ɗaya ba ne. Ta wajen tafi siriri ne, yana ƙara cika in an nufi gwiwa. Saboda haka ya auna ta da tef a wuri biyu, ya naɗa mata farar leda, ya shata iyakokin zanen a kai. Da ya warware ledar ya shimfiɗa a tebur, sai ga abin da ake zaton miƙaƙƙe ne ya fito a lanƙwashe. Wanda ya ja layi sambal a takarda ya naɗa a hannu, bakin biyu ba za su haɗu ba, ɗaya zai hau ɗaya ya sauka. Ga kuma ƙasusuwa biyu da ke tsakanin gwiwa da tafi. In tafi na kallon sama a jere suke, in aka kife shi sai ɗaya ya gitta ɗaya, fata ta murɗe ta bi su. Zanen da ya miƙe a wannan hali zai karkace a wancan. Dole a zaɓi guda, masu sana'ar kuma sun zaɓi yadda hannu yake in mutum na tsaye ya sake shi, don a haka jama'a suka fi ganinsa. Duk wanda ya taɓa kallon mai ɗinkin hula yana lissafin gidajen zare don kada zane ya saɓa a inda za a haɗe bakin ƙyalle, ya san irin wannan taka-tsantsan. Sai dai ita hula in ta ɓaci farke ta ake yi.

Ya kuma rage mata buri. Ita ta so ganye ƙanana birjik, irin na jikin munduwar. Ya ce tawada na yaɗuwa a hankali cikin fata, layuka biyun da ke maƙwabtaka yau, bayan shekara goma sun zama ɗaya. Don haka a rage yawan ganyen, a ƙara musu girma, a bar fili a tsakani. Ya ja zanen baya da kamar faɗin yatsa biyu daga inda hannu ke lanƙwasawa, saboda tawada ba ta zama lafiya a wurin da ke naɗewa dare da rana. Mahaɗar kuwa ya kai ta ciki, ya ɓoye ta ƙarƙashin wani ganye da ya hau kan reshe. Ya ce mata da baƙin layi guda ta nema, da aikin ya fi haka wuya, domin layi ba shi da inda zai ɓoye kuskure.

Ita ma ta yi nata lissafin. Sabon zane buɗaɗɗen rauni ne, mai aikin jinya kuwa wankin hannunta da shafa maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya ƙirguwa, sai ta daidaita ranar da hutunta. Ta kuma je ta ba da gudummawar jini tun da wuri, don a Ingila wanda aka yi wa zane sai ya jira wata huɗu kafin a karɓi jininsa.

Da ranar ta zo ta roƙe ni in raka ta, zumunci da son ganin ƙwaƙwaf suka haɗu, na bi ta. Warin da ya tare mu a ƙofar shagon warin asibiti ne. Takardar izinin ƙaramar hukuma na rataye a bango. Aka miƙo mata fom: ko tana da ciwon sukari, ko tana shan maganin tsinka jini, ko tana da juna biyu. Aka duba katin shaidarta, don tun 1969 dokar Birtaniya ta hana yi wa wanda bai kai shekara 18 ba tatu, ko da iyayensa sun yarda. Ya sa safar hannu, ya yage takardar sabuwar allura a gabanta, ya aske gashin wurin, ya manna hoton zanen da wata shuɗiyar tawada mai gogewa. Ta miƙe tsaye ta saki hannu, ya ja da baya ya duba, ya goge, ya sake mannawa. Wannan manna-goge ya ci lokaci sosai, kuma bai kunna inji ba sai da ta je gaban madubi, ta juya hannu ta kowace fuska, ta ce ta yarda. Daga nan sai ƙugin inji. Da yana aiki a bayan hannu hira take ta yi. Da ya iso kan ƙashin nan mai tudu na gefen ƙaramin yatsa, da cikin hannu inda fata ba ta da kauri, sai hira ta ɗauke, ta cije leɓe.

Wannan cije leɓen na san shi tun ina yarinya a ƙauyenmu na ƙasar Katsina. A lokacin wanzami ba baƙo ba ne a kowane gida. Ranar suna shi ke aske jariri, ya cire masa hakin wuya, in gidan masu tsaga ne ya yi masa ta gado. Fuska ita ce takardar shaida. Bagobiri da shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. Babarbare da dogayen zubensa, tun daga nesa Bafulatani ya hango shi ya fara shirya tsokana. Akwai tsagar magani, wadda ake yi a inda ke ciwo. Sannan akwai ta ado, jarfa, ita ce ta 'yan mata. Gab da Sallah ko ranar kasuwa sai su haɗu su tafi wurin wanzami, kowace da 'yan kuɗin da ta tara na talla. Ya buɗe zabira, ya zaro 'yar aska, ya yi ta tsattsaga fata ƙanana-ƙanana, ya goga baƙin tukunya a kai. Wadda ta yi kuka ta shiga uku da ƙawaye har ranar aurenta, shi ya sa ake cije leɓe. In wurin ya warke sai ya bar zane mai duhu, baƙi-baƙi kore-kore, a goshi, ko gefen baki, ko wuya, ko hannu. Kalangu da 'yar baka su ne sunayen da suka fi zama a kunnena.

Goggona, ƙanwar mahaifina, tana da jarfa a wuyan hannun hagu, ɗigo-ɗigo jeri biyu, sun zagaye sun haɗu. Duk shirin da ta yi bai wuce ta nuna hannun ƙawarta ta ce wa wanzami, "Baba, irin na wance," ba. Shi ma bai auna komai ba, ido da sabo suka yi masa jagora. Mahaɗar ta ɗan saɓa, abin bai dami kowa ba.

A ƙarƙashin fata kuwa aikin askar da na injin ɗaya ne. Fata hawa-hawa ce. Ta sama kullum cikin saɓa take, takan sabunta cikin kamar wata guda, duk abin da ya tsaya a nan tafiya zai yi. Allurar inji hawa na biyu take kai tawada, zurfin milimita ɗaya zuwa biyu. A can ƙwayoyin garkuwar jiki ke rugowa su haɗiye baƙon abu, su kasa narkar da shi, su zauna da shi a wurin. Wani bincike da aka yi a birnin Marseille na Faransa, aka buga a 2018, ya nuna in waɗannan ƙwayoyi suka mutu, sababbi ne ke sake haɗiye tawadar da suka saki, shi ya sa zane ke raka mai shi har kabari. Wani kaso na tawadar kan gangara ya taru a kaluluwar hammata. In kuma allura ta zarce ta taɓa kitse, sai tawada ta bazu ta yi wa layin shuɗiyar inuwa, kuma wuyan hannu na cikin wuraren da hakan ya fi faruwa. Baƙar tawadar shagon, asalinta baƙin hayaƙi ne da aka tace, dangi ɗaya da abin da wanzaminmu ke kankarowa daga gindin tukunya. Haka ma gawar nan da aka tsinta cikin ƙanƙara a tsaunukan Alps a 1991, kan iyakar Italiya da Ostiriya, wadda ta haura shekara 5,000. An ƙirga zane 61 a jikin mutumin, dukansu da baƙin hayaƙi aka yi su, har da layuka biyu a wuyan hannunsa na hagu. Da yawansu suna kan gaɓoɓin da suka nuna alamar ciwo, abin da ya sa wasu masana ke kyautata zaton tsagar magani ce.

Na abokiyar aikina ya warke yadda aka faɗa mata. Kwanakin farko kumburi da zafi, sai saɓa da ƙaiƙayi, ba damar sosawa, ba damar ɓantare ɓawo, ba shiga ruwan ninƙaya, ba shanya hannu a rana. Bayan 'yan makonni ta koma aka cike wani ganye da tawada ba ta kama ba. Ta dawo aiki da awarwaronta, ba wanda ya ce uffan.

A ƙasarmu kuwa jarfa ta mutu, sai dai ba rana ɗaya ta mutu ba, kuma ba abu ɗaya ya kashe ta ba. Hukuncin addini daɗaɗɗe ne. Hadisin da ya la'anci mai yin zanen da wadda ake yi wa yana cikin Buhari da Muslim, Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukan malamanmu ita ma ta hana. Sai dai karatun yana zaure, jarfa tana cikin gida. Makarantun Islamiyya na matan aure, da wa'azin rediyo da na kaset a shekarun 1970 da 1980, su suka tsallakar da hukuncin ya shiga tsakar gida. A 1976 aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, yaran ƙauye suka kwarara makaranta, abin da yake ado a dandali ya zama abin tsokana a makarantar kwana. A 1986 aka ba da sanarwar ɓullar ƙanjamau a Najeriya. Ni kaina ina cikin ma'aikatan lafiyar da suka riƙa bin gari-gari suna jan kunnen iyaye kan aska ɗaya a jikin yara da yawa, saboda ƙanjamau da ciwon hanta. Sa'ad da dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta zo da sashe na 24, wanda ya haramta yi wa yaro tsaga ko zane, a garuruwa da yawa ta tarar an riga an mayar da askar cikin zabira. Wanzamai suka riƙe aski da kaciya da ƙaho.

Sha'awar ado a hannu dai ba ta bi jarfa ba, lalle ya gaje ta. Ƙunshin da na tashi na gani ba shi da zane. A daka ganye, a tankaɗe, a kwaɓa, a lafta, a naɗe da tsumma, a zura hannu a zunguru, a kwana a haka. Da safe hannu ya fito ja wur har wuyansa. Sai aka shiga yayin salatif, ana yanka shi da reza ana mannawa don ya bar gidaje-gidaje. Daga baya alhazai da masu zuwa Sudan, da finafinan Indiya, suka kawo zanen fulawa da ake matsowa daga 'yar leda mai tsini. Yau yarinya za ta miƙa wa mai lalle waya ta ce, "Anti, wannan nake so," kuma da wuya ka ga zanen da ba shi da awarwaro a wuyan hannu. Na taɓa zama ina kallon wata mai lalle a Kano ana gobe ɗaurin aure. Tana juya hannun amarya a hankali, in ta hango fili zai gaza sai ta rage girman fure, har bakin biyu suka haɗu ba ka gane mahaɗa. Abin da Baturen nan ya warware da tef da leda, ita da ido ta warware shi, ga layin 'yan biki na jiran ta. Lalle kuwa hawan sama kawai yake rinawa. Mako biyu ko uku ya kama gabansa, in wata hidima ta taso a sake wani.

Akwai dai inda mai gogewar ke rikiɗa ya ƙi gogewa. Baƙin lallen da ake haɗawa da dayis yana ɗauke da sinadarin rinin gashi mai suna PPD, wanda ba a yi shi don a bar shi ya jima a fata ba. Na wanke hannuwan da suka yi bororo daidai siffar furen da aka zana, suka warke suka bar tabo. Wadda jikinta ya ƙi shi sau ɗaya, ya ƙi shi ke nan, ko rinin gashi ta shafa daga baya abin zai tashi.

Lokacin da muke barin zane mai zama muna komawa mai gogewa, Turawa hanyar da muka baro suka nufa. Injin zane na lantarki, Samuel O'Reilly ne ya yi masa rajista a New York a 1891, ya gina shi kan wani alƙalamin lantarki na Thomas Edison. Duk da haka shekaru masu yawa an fi sanin tatu da matuƙan jirgin ruwa da sojoji da 'yan gidan yari, mai neman aikin banki ko asibiti ba ya yarda a gan shi da shi. Birnin New York ma ya haramta sana'ar a 1961 kan tsoron ciwon hanta, bai ɗage ba sai 1997. Ga shi a 2023 cibiyar bincike ta Pew ta gano kashi 32 cikin ɗari na baligan Amurka suna da zane a jiki, mata ma sun fi maza, 38 da 27. Kashi 69 na masu zanen sun ce tunawa da wani ko girmama wani abu na cikin dalilansu, kamar dai abokiyar aikina. Kashi 24 kuma sun ce suna nadamar aƙalla ɗaya daga cikin zanensu.

Irin waɗannan na ƙarshe na sha ganinsu a gadon asibiti. Masu zanen waya mai ƙaya da ta zagaye damtse, wadda aka yi yayinta a shekarun 1990, yanzu sun manyanta, fata ta saki, ƙayar ta dushe, kowa ya gani ya san zamanin da mai ita ya yi tashe. Gogewa da hasken leza tana yiwuwa, amma zuwa ne bayan zuwa, da makonni tsakanin kowane biyu, kuɗinta kuma ya fi na zanen. Baƙi ya fi saurin fita, kore da rawaya taurin kai gare su.

Na daɗe ina auna Goggo da abokiyar aikina, na ga babban bambancinsu yana ga wanda ya ɗauki nauyin zaɓi. Tsagar gado ba a tambayi mai ita ba, abin da take faɗa shi ne ga ɗan gidan wane. Jarfa ta sa'o'i ce, tana faɗin ga tsararmu. In yayinta ya wuce, ya wuce wa tsarar ne gaba ɗaya, su tsufa da ita tare, su yi wa juna dariya tare, ba wadda za ta zauna ita kaɗai tana tuhumar kanta. Zanen Baturiyar kuwa ba dangi a bayansa, ba tsara, ba Sarkin Aska. Ita ta zaɓi ganyen, ita ta zaɓi hannun, in ya yi kyau nata ne, in ya ɓaci ita za ta kwana da shi. Watannin nan na bincike da awo da tambaya, a ganina su suka tsaya mata a gurbin iyaye da kakanni. Wanda al'ada ba ta yanke masa ba, tilas ya zama dattijon kansa.

Tsohuwar ma'anar ma tana nan a wasu wurare. Wani likita Bamisire da muka yi aiki tare, daga Kiristocin Kibɗawa, yana da ɗan ƙaramin gicciye a cikin wuyan hannun dama. Tun yana yaro aka yi masa, kamar yadda ake yi wa 'ya'yansu da yawa. Bai zaɓi siffa ba, bai nemi gwani ba, har zanen ya ɗan baje. Ya ce a wasu majami'un Masar shi ake nunawa a bakin ƙofa. Wannan tsagar gado ce, ko da da allura aka yi ta.

Da na zo gida hutu na ba Goggo labarin Baturiyar. Ta saurara tana jan carbi, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, kuɗi ta biya aka yi mata?"

Na ce, "Kuɗi masu yawa kuwa, Goggo."

"Kuma da iliminta?"

"Da iliminta."

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Ikon Allah! Mu aka ce mana jahilci ne muka bari, ashe ajiye musu muka yi." Sai ta janye mayafi ta dubi ɗigoginta. "Ni tun ranar da malam ya faɗa mana na yi istigfari. Ƙuruciya ce. Amma fata ba ta san an tuba ba."

Na tambaye ta ko da akwai yadda za a goge mata, za ta so. Ta ce, "A bar shi. Mu bakwai muka je wurin wanzamin nan, ni kaɗai na rage."

Yanzu zane mai zama yana neman dawowa ta wata ƙofa. Yaron da ke zaune a gidan kallon ƙwallo yana ganin hannuwan Messi da Neymar, yana ganin mawaƙan Legas a waya, shagunan tatu kuma sun buɗe a Legas da Abuja. Wani ɗan ƙanwata ya taɓa rutsa ni a ƙofar gida ya ce, "Inna, wai da gaske in an yi ana iya gogewa? Wani abokina ne ke tambaya." Hukuncin addini ya san shi, ba ni zan koya masa ba. Na gaya masa abin da aikina ya nuna mini, ya kai wa abokin. Baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai tudu, irin wanda ke girma ya wuce raunin da ya haifar da shi. Leza a fatarmu, in ba a hannun gwani ba, takan bar fari ko duhu a gurbin zanen. Allurar da ba a yage takardarta a gabanka ba hanyar ciwon hanta ce. Rundunar sojan Najeriya takan sa rashin zanen jiki cikin sharuɗɗan ɗaukar kurata. Uwa uba, a ƙasarmu wuyan hannu ba ya ɓoyuwa. Za a naɗe hannun riga a yi alwala a ƙofar masallaci, za a miƙa hannu a gaisa, za a sa hannu a kwano ɗaya da dattawa, kuma akwai ranar da za a je gaida surukai. Baturiyar ta yi zaɓinta ne cikin jama'ar da ta riga ta sakar wa kowa jikinsa. Shi kuwa zai yi irin zaɓinta ne cikin jama'ar da har gobe, in ta ga alama a jikin yaro, gidansu take tambaya.

Ba na fatan jarfa ta dawo. Na ga abin da aska ɗaya ke iya rabawa, na kuma yarda da hukuncin da ya hana. Abin da nake jin asararsa shi ne sanin. Sunayen zanen, da garin da ya shahara da wane, da wanzamin da aka fi yi wa layi, duk suna jikin tsofaffin da muke rakawa makwanci ɗaya bayan ɗaya. Turawa sun bi zanen mutumin ƙanƙara ɗaiɗai sun ƙirga, sun adana shi a gidan tarihi na Bolzano, mu namu yana tafiya da ƙafarsa a tsakar gida ba mai tambaya. Sassan nazarin Hausa a jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo cike suke da ɗalibai masu neman abin rubutawa, Sarakunan Aska suna nan a garuruwanmu, kowa kuma da waya mai ɗaukar hoto a aljihu. Wanda ke da kaka mai jarfa ya zauna ya tambaye ta sunan zanen, da wanda ya yi mata, da Sallar da aka yi dominta, in ta yarda ya ɗauki hoto. In aka tara su, mai lallen da ta gaji da kwafar furen Indiya da na Dubai za ta sami zanen gida da za ta ɗora a hannun amare da jan lalle, ba jini, ba tabo, kuma ba malamin da zai hana.